Mushen bakin hanya: su wa ke cinye shi, kuma me ya sa yanzu yake daɗewa?

Ƙanena direba, ka ce shekara da shekaru kana bin hanyar Damagaram zuwa Tanut. A da in mota ta buge jaki da safe, kafin ka juyo washegari sai ƙashi da fata, amma yanzu mushe kan yi mako yana ɗoyi a gefen kwalta, ba kowa a kansa sai karnuka da ƙudaje. Kana so ka san su wa ke cin mushe a daji, ina suka shige, kuma in kun tarar da shi a hanya ku bar shi ne ko ku binne. Aikin lafiyar dabbobi na yi a wannan jiha tun ina saurayi har furfura ta fito, na tsaya a kan mushe ya fi a ƙirga, to ga abin da na sani.

Cin mushe layi ne, kowa da lokacinsa, kowa da kayan aikinsa. Wanda ke fara zuwa ba ya ma jiran dabbar ta huce: koren ƙuda ne, mai walƙiyar nan. Cikin ƴan mintoci ya sauka a ido, da hanci, da baki, da duk inda fata ta yage, ya zuba ƙwai. A zafinmu ƙwan ba ya cika kwana ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Da damina, in aka bar tsutsa ita kaɗai, takan gama da akuya cikin mako ɗaya ko biyu. Da rani kuwa rana da iska kan riga ta, fatar ta bushe ta yi tauri kamar ta ganga, mushen ya ƙame ya zauna nan wata da watanni. Shi ya sa wanda ka gani a watan Afrilu yake daɗewa fiye da na Agusta.

Bayan ƙuda sai hankaka da shirwa. Su biyun nan sun san kwalta kamar yadda kai ka san ta. Tun da asuba suke bin hanya, saboda dare ne ke kashe ƙananan abubuwa: bushiya, zomo, ɓera, kwaɗo, maciji mai neman ɗumin kwalta, da yautai, tsuntsun nan da ke kwanciya a tsakiyar hanya, fitila ta haske shi ya kasa tashi. Hatsin da ke zuba daga manyan motoci ma yana jawo ɓeraye da kurciyoyi, mota ta gaba ta take su. Shirwa ba ta son zama, fizga take yi tana tafe a sama. Hankaka kuwa ya iya lissafin mota: yana ci yana kallonka, sai ka kusa ya yi taku uku gefe, ka wuce ya komo. Da wuya ka ga an take hankaka. Amma in babbar dabba ce, iyakarsa ido da harshe da bakin rauni, bakinsa ba ya huda fatar jaki.

A nan mota ke yi musu aikin da kura kan yi a daji. Dabbar da cuta ko yunwa ta kashe a rufe take, sai an sami mai ƙarfin da zai farke ta. Wadda babbar mota ta buge kuwa a buɗe take zuwa, ciki waje, kowane ƙaramin baki ya samu shiga. Wannan ne ya sa bakin hanya ya zama kasuwar masu cin mushe.

Yanzu ga masu aikin na gaske. Mu Hausawa mukan ce ungulu mu haɗa su duka, amma iri-iri ne, kuma aikinsu ya bambanta. Akwai ungulun gari, wadda muka taso muna gani a mahauta da kan katangar kasuwa, mai siririn baki, nauyinta bai wuce kilo biyu da ɗan abu ba. In ta yi fushi ko ta ga abinci, fuskarta kan yi ja. Ita mai tsince-tsince ce, tana zaro ragowar nama daga tsakanin haƙarƙari. Akwai mikiya, babba mai dogon wuya da zanen zabo a baya, faɗin fikafikanta ya haura mita 2. Ita ce mai cusa kai har wuya cikin cikin dabba ta kwashe kayan ciki da tsoka, harshenta mai kaushi ne don ya riƙe nama mai santsi. Akwai kuma wata da ta fi su duka ƙarfin baki, mai jan kai da fata a naɗe a gefen wuya. Ita ke yaga fata ta tsinke jijiya, in ta sauka kowa ya ja baya. Sai farar ungulu mai ruwan ɗorawa a fuska, ƙarama, wadda ke zuwa ƙarshe. Wasunsu nan suke zaune, a duwatsun Kutus da ke arewa da Gure, wasu kuma daga Turai suke tasowa su tsallake Sahara su yi hunturu a wajenmu.

Mutane na cewa wari suke ji. Ungulayen ƙasashenmu da ido suke aiki. In hantsi ya ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara tashi sama, sai su hau ta su yi ta kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba, su bazu a sararin sama kowa da yankinsa. Kowace tana kallon ƙasa, tana kuma kallon ƴar'uwarta. Da ɗaya ta ga hankaki sun taru, ta miƙe ƙafafu ta fara sauka, sai ta nesa ta gani ta biyo, ta bayanta ma ta biyo, labari ya kai kilomita da yawa ba wanda ya yi magana. Da aka ce ungulu ba ta jewar banza, gaskiya aka faɗa. Mikiya kan yi fiye da kilomita 100 a yini wajen neman abinci. Tashinta sama kuwa, a 1973 jirgin sama ya yi karo da ɗaya a sararin Abijan a tsayin da ya haura mita 11,000, har yau ba a tabbatar da tsuntsun da ya wuce nan ba.

Na taɓa zama a inuwar wata aduwa arewa da Bakin Birji, a shekarun da suke da yawa, na kalli yadda aka yi da wata saniya da ta faɗi da daddare. Da sassafe hankaki ne kawai. Wajen ƙarfe goma na ga ɗigo-ɗigo a sama. Ta farko ta sauka nesa kaɗan, ta tsaya tana leƙe, ta tako a hankali da fikafikai a buɗe. Kafin in gama shayin da na ɗora, ba a ganin saniyar, sai tarin baya da fikafikai da ƙura, ana huci ana ture-ture, wannan ta fito da wuya jajawur wata ta faɗa gurbinta. Da azahar ta yi, haƙarƙari ne tsaye kamar kwandon da ba a gama saƙawa ba, fatar a yashe gefe. Su kuwa suna zazzaune a ƙasa, jakar wuyan kowace ta kumbura, nauyi ya hana su tashi. Mikiya ɗaya kan haɗiye fiye da kilo guda a zama ɗaya.

Saurin nan shi ne amfaninsu gare mu. Naman da aka cinye cikin awa uku bai samu lokacin ruɓewa ba, ƙuda bai hayayyafa a kansa ba, kare bai kai gare shi ba. Kuma cikin ungulu wuta ne. A ma'aunin da masana ke auna tsami da shi, inda 7 ke tsakiya, ruwan cikinta yana kusa da 1, wato tsami mai tsananin ƙarfi, yawancin ƙwayoyin cutar da suka shiga ba sa fita da rai. Sanƙon kanta da muke yi wa dariya ma kayan aiki ne, ba gashin da jini zai daskare a kai, rana ta busar da abin da ya maƙale.

In dare ya yi layi ya koma hannun masu ƙafa huɗu. Dila ne kan fara zuwa, shi da matarsa, ya ci ya ɗebi saura ya je ya binne don gobe. Kura kuwa an yi mata sharri da aka mai da ita mai jiran mushe kawai: kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce, yawancin abincinta ita ke kashewa. Sayaki, mai zane-zane a jiki da dogon gashi a doro, shi ne ya fi dogara da mushe. Kura da sayaki duk suna da muƙamuƙin da ke fasa ƙashi su kai ga ɓargo, shi ya sa kashin kura yake fari fat in ya bushe. Yau ina za ka ga kura tsakanin nan da Tanut? Gonaki sun cinye dajin, guba ta ƙarasa sauran. Sai in ka nausa can wajen Termit, inda gwamnati ta keɓe gandun daji a 2012, ko za ka ga sawun sayaki.

Ƙarshen layi na ƙananan ma'aikata ne. Akwai wani ƙwaro mai cin busasshiyar fata da jijiya, majeman garin nan sun san shi sarai, shi ne ke huda musu fatun da aka ajiye ba gishiri, shi ne kuma ke cin busasshen kifi. Gara takan ci abin da ya taɓa ƙasa. Beguwa kan ja ƙashi zuwa raminta ta yi ta gurgura. Ruwan da ya tsiyaye ya shiga ƙasa, bayan damina ɗaya ko biyu ka ga ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore. Abu ɗaya ne ba mai ci: leda. Sau da yawa in an gama da akuyar gari, abin da ke saura a tsakiyar ƙasusuwa dunƙulen leda ne kamar ƙwallo, a murɗe da igiya da tsumma, kuma galibi shi ne ya kashe ta.

To ina ungulayen suka tafi? Ba kai kaɗai ka lura ba. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso a mota yana ƙirga su wajen 1970, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandayen da ake tsaro. A 2015 aka saka ungulun gari da mikiya cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Ungulun gari fa, wadda muke kora da dutse!

Babban makashinsu guba ne. Makiyayi dila ya cinye masa ɗan tunkiya, ransa ya ɓaci, ya sayi maganin ƙwarin gona ya barbaɗa a mushe don ya rama. Dila mai wayo ne, ƙila ma bai zo ba. Wadda ke zuwa da rana tsaka, ita da danginta duka, ita ce ungulu. Haɗin kan nan da ke tara su wuri ɗaya shi ke sa mushe guda ya share na yanki guda. An taɓa kirana wani ƙauye saboda karnuka na mutuwa, na tarar da mushen ɗan raƙumi, kewaye da shi gawarwakin ungulaye a warwatse, wasu sun yi ɗan tashi sun faɗi da fikafikai a shimfiɗe, har ƙudajen da suka sauka a naman sun mutu sun yi baƙi a ƙasa. Riƙe wannan alama: in ka ga matattun ƙudaje a kan mushe, guba ce, kada ka taɓa da hannu, kada ka bar karenka ya kusanta. Wanda ya zuba gubar ya rantse mini dila kawai yake nufi, kuma na yarda da shi.

Na biyu farauta ce don kai da ƙafafu da ƙwai, ana kai wa bokaye, yawancin kayan tsallaka iyaka suke yi zuwa kasuwannin kudu. A 2014 an kashe wata farar ungulu a nan Nijar wadda masu bincike suka ɗaura wa na'urar bin sawu tun daga ƙasar Girka. A 2020 a Gini Bisau an kashe ungulun gari wajen 2,000 da guba, da yawa an same su ba kai. Sai ka haɗa da sare manyan itatuwa. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, to ina tsamiyar, ina gawon, ina kukar? Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ɗanta kuma sai ya shekara huɗu zuwa shida kafin ya fara haihuwa, in aka kashe hamsin yau, mayar da su sai an yi shekaru masu yawa.

Ita kanta hanyar tarko ce. Ungulun da ta ƙoshi ba ta tashi tsaye, sai ta yi gudu ta ɗauki iska, wani lokaci sai ta amayar da abin da ta ci don ta rage nauyi. Motar da ke gudun kilomita 100 ba ta ba ta wannan dama. Dila da yanyawa kuwa fitila ke rikita su da dare. Sai mushe ɗaya ya haifi na biyu da na uku a wuri guda, na tabbata ka taɓa ganin mushen kare kusa da na jaki.

Da ungulu ta tafi, kare ya gaji wurin, kuma gadon ya zo da sharri. Kare ba ya gama mushe, ya ci yau ya dawo gobe, ya ja ƙafa guda har ƙofar gida, ya haɗu da wasu karnuka da diloli a kan nama ana cizon juna, ya dawo ya kwanta inda yara ke wasa. Wani bincike da aka yi a Kenya ya nuna in ba ungulu, mushe kan ɗauki kusan ninki uku na lokacin da ya saba kafin ya ƙare, dabbobi masu shayarwa da ke taruwa a kansa su ma su ninka haka. Indiya ta ga abin da idonta. Daga shekarun 1990 ungulayenta suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, aka daɗe ana neman dalili kafin a gano maganin ciwon jiki ne, Diclofenac, da ake yi wa shanu allura. In saniyar ta mutu da maganin a jikinta, ungulun da ta ci sai ƙodarta ta lalace cikin ƴan kwanaki. An hana ba dabbobi shi a can a 2006, amma kafin nan karnukan titi sun ƙaru da miliyoyi, a ƙasar da dama ta fi kowace fama da haukan kare. Ina faɗar wannan ne saboda Diclofenac ɗin nan a kan tebur ake sayar da shi a kasuwanninmu, kuma na ga masu narka na mutane suna ɗura wa dabba. Akwai Meloxicam, yana yin aikin, ba ya kashe ungulu, a nemi ma'aikacin dabbobi ya rubuta.

Akwai wata illa ta mushen da ya daɗe wadda makiyaya kaɗai suka san zafinta. A ƙarshen rani, saniya ko raƙumar da ciyawa ba ta ba ta isasshen sinadarin gina ƙashi ba takan ɗauki tsohon ƙashi ta yi ta tauna. In akwai ruɓaɓɓen nama a maƙale da shi, akan sami dafin wata ƙwayar cuta a ciki. Bayan ƴan kwanaki ƙafafun baya su saki, harshe ya zazzago, ta kwanta ba ta sake tashi ba, mai ita ya ce iska ce ko sammu. Ƙashin da mikiya ta goge tas rana ta gasa shi bai cika yin wannan ɓarna ba. Wanda ya ruɓe a hankali cikin fata shi ne mugun.

Kan ko ku bari ko ku binne, duba abin da ya kashe dabbar. In lafiyayya ce mota ta buge, a gabanka ko alama ta nuna, kama ƙafa da igiya ku ja ta daga kan kwalta, taku talatin ko arba'in cikin daji, nesa da rijiya da tabki da gidaje, ku bar ta a fili inda za a hango daga sama. Minti biyar ne, ka tsare motar da ke bayanka daga kauce-kauce, ka kuma tsare masu zuwa ci. Da bushiya ko zomo ma, sanda ta isa ka ture shi gefe. In da rana ka hango tsuntsaye a kan hanya, rage gudu ka danna oda tun daga nesa, kada ka ɗauka duk za su yi wayon hankaka.

Amma in dabbar faɗuwa ta yi haka kawai, ta kumbura da wuri, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, jikin bai sandare ba, to ka zargi ciwon saifa. Wannan ba a feɗe shi, ba a cire fatarsa, ba a jan sa a ƙasa. Da iska ta taɓa jinin, ƙwayar cutar kan rufe kanta cikin ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru da dama tana jiran wata dabbar, kuma tana kama mutum ta rauni a hannu. A rufe shi da ƙaya don kada kare da tsuntsu su farke shi, a sanar da ma'aikatan dabbobi mafi kusa, a ƙone ko a binne a rami mai zurfin kusan mita 2. Haka dabbar da aka yi ta yi wa allurai kafin ta mutu, da wadda ake zargin guba, su ma rami ne nasu, a danne da duwatsu da ƙaya, don dila da kare sun iya tono.